Taɓin Hankali Iri-Iri Ne: Ya Kamata Jama'a Su San Bambancinsa

Idan aka ambaci taɓin hankali a ƙasar Hausa, abin da ke fara zuwa ran yawancin mutane shi ne mutumin da ya yayyaga tufafinsa ya shiga kasuwa yana jifa, watau wanda ake ce wa mahaukaci tuburan. Duk wanda bai kai wannan matsayi ba, a wurin jama'a lafiyarsa ƙalau. In ya cika surutu sai a ce halinsa ne, in ya watsar da jarinsa cikin mako guda sai a ce giyar kuɗi ce ta ɗebe shi, in kuwa ya shige ɗaki ya ƙi magana da kowa sai a ce sammu aka yi masa. Wannan gurguwar fahimta tana jawo hasarar dukiya da mutuwar aure, wani lokaci har da hasarar rai, musamman game da wani ciwo da likitoci ke kira baifola, watau ciwo mai gefe biyu, wanda a Hausa za a iya ce masa ciwon hawa da sauka.

Mai wannan ciwo yakan yi wani lokaci ransa ya hau sama ƙwarai, kuzarinsa ya wuce misali, sa'an nan wani lokaci ya faɗo ƙasa cikin matsananciyar damuwa da mutuwar jiki. A tsakanin biyun kuma yakan koma daidai, ya yi watanni ko shekaru yana harkokinsa kamar kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane wajen miliyan 40 ne ke fama da shi a duniya. Galibi yana fara bayyana ne tun daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekaru ashirin da wani abu, kuma yana bin jini, ko da yake ba duk ɗan mai ciwon ne ke gadonsa ba. Ba sabon abu ba ne a wurin masana. Tun a 1854 wasu likitoci biyu na birnin Faris, Falret da Baillarger, suka bayyana shi, sa'an nan a 1899 wani Bajamushe mai suna Emil Kraepelin ya ware shi daga sauran cututtukan ƙwaƙwalwa.

Abin da jama'a ba su sani ba, har da wasu ma'aikatan asibiti, shi ne gefen hawan nan ba iri ɗaya ba ne. Yana da fuskoki da dama, kowace da alamunta da irin haɗarinta, kuma maganin da ya dace da wata yana iya tsananta wata. Saboda haka sanin bambancinsu aiki ne da ya rataya a wuyan iyalin maras lafiya kamar yadda ya rataya a wuyan likita.

BABBAN TASHI

Na farko shi ne wanda likitoci ke kira maniya, watau babban tashi. Ƙa'idarsu ita ce mutum ya yi aƙalla kwana 7 a jere halinsa ya canja sarai, ko kuwa abin ya yi tsananin da tilas a kwantar da shi asibiti ko da bai cika kwanakin ba. Babbar alama ita ce barci. Zai kwanta awa biyu ko uku, ko ma ya ƙi runtsawa sam, amma gari ya waye yana jin ƙarfi kamar wanda ya yi barcin awa goma. Magana takan ɓalle masa ba tsayawa, yana tsalle daga wannan zance zuwa wancan, ba ya bari a sa masa baki. Yakan ga kansa ya fi kowa basira, ya ɗauko manyan shirye-shirye barkatai, ya kashe kuɗi ba lissafi. A ɗauki misalin ɗan kasuwar da aka sani da taka tsantsan shekara da shekaru, rana ɗaya ya ci bashi ya sayi shanu mota uku ba tare da ya san wanda zai sayar wa ba, ya raba sauran kuɗin ga maroƙa, ya kuma ce zai ƙara aure kafin Jumma'a.

Shi kansa babban tashin fuska biyu gare shi. Akwai mai fara'a, wanda ke ta dariya da waƙa da kyauta, har mutane su riƙa jin daɗin zama da shi a kwanakin farko. Akwai kuma mai zafin rai, wanda abu kaɗan ke tunzura shi, ya zagi mahaifinsa, ya saki matarsa, ya yi dambe da abokin ciniki. Sau da yawa mai fara'ar ne ke rikiɗewa ya zama mai faɗa da zarar an hana shi abin da ya yi niyya. Na biyun nan shi ne ya fi ƙarewa a ofishin 'yan sanda ko gaban alƙali maimakon gaban likita, domin kowa na ganin rashin kunya ce kawai.

Idan babban tashi ya yi nisa, hankali yakan rabu da gaskiya. Mutum ya riƙa jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko ya haƙiƙance an ba shi wata sarauta, ko an aiko shi ya gyara duniya, ko kuwa maƙiya sun kewaye shi saboda ɗaukakar da ya samu. A nan ne akan ce iskoki sun buge shi. A asibiti ma akan rikita shi da wani ciwon dabam mai suna sikizofireniya, alhali kuwa kama da wane ba ta wane. Mai ciwon hawa da sauka ruɗewarsa tana tafiya ne tare da hawan rai ko saukarsa, in guguwar ta wuce sai ya dawo hayyacinsa, sau da yawa cike da kunyar abin da ya aikata.

Akwai kuma wani mataki mafi tsanani, wanda wani likitan Amurka mai suna Luther Bell ya bayyana a 1849. Shi wannan yana zuwa ne farat ɗaya, mutum ya rasa sanin inda yake ko wace rana ce, yana sambatu dare da rana, ya ƙi ci ya ƙi sha, wani lokaci har da zazzaɓi. Wannan yana iya kisa cikin 'yan kwanaki saboda galabaita da ƙarewar ruwan jiki. Bugu da ƙari, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai da sanƙarau da taifot duk suna iya zuwa da irin wannan kama. Don haka duk wanda aka ga ya rikice haka tare da zafin jiki, asibiti za a nufa da shi a ranar, ba sai an jira gobe ba.

ƘARAMIN TASHI

Na biyu shi ne haifomaniya, watau ƙaramin tashi, kuma shi ne ɗan hakin da aka raina. Alamunsa irin na babban ne, sai dai ba su kai su tsanani ba. Kwana 4 a jere sun isa a ƙidaya shi. Mutum ba ya jin muryoyi, ba ya rabuwa da gaskiya, ba ya kuma bukatar a kwantar da shi. Hasali ma yakan fi kullum ƙwazo. Tela ya ɗinka kayan mako guda cikin kwana biyu, ɗalibi ya kwana yana karatu ba gajiya, matar da aka sani da kawaici ta zama ita ce mai ba da dariya a gidan biki. Ba wanda zai kai irin wannan mutum asibiti, shi ma ba zai yarda ba shi da lafiya ba, domin a ganinsa bai taɓa jin daɗi kamar haka ba.

Haɗarin yana zuwa ne daga baya. A 1976 wasu likitocin Amurka, Dunner da Gershon da Goodwin, suka nuna cewa akwai rukunin marasa lafiya da ba su taɓa yin babban tashi ba, sai ƙarami kawai, amma suna faɗawa cikin damuwa mai tsanani a kai a kai. A 1994 aka shigar da wannan rukuni cikin littafin ƙa'idojin Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka a matsayin nau'i na biyu na ciwon. Masu wannan nau'i sun fi daɗewa a gefen sauka, suna yin makonni ko watanni ba sa iya aiki, ba sa jin daɗin abinci, suna ganin rayuwarsu ba ta da amfani. A wannan lokaci ne kawai suke zuwa wurin likita, kuma abin da ke damunsu a ranar shi kaɗai suke faɗa.

In likita bai tambayi kwanakin kuzari ba, iyali kuma ba su ambata ba, sai ya ɗauka damuwa ce zalla, ya rubuta maganin damuwa irin su amitiriftilin shi kaɗai. Ga mai ciwon hawa da sauka, irin wannan magani ba tare da wani mai daidaita rai ba yana iya cilla shi cikin babban tashi, ko ya sa hawa da saukar su riƙa zuwa kusa da kusa. Ta haka mutane da yawa ke yin shekaru suna shan maganin da bai dace da su ba kafin a gane ainihin ciwonsu. Abin ya fi muni a inda mutum ke iya shiga kemis ya sayi ƙwaya ba tare da takardar likita ba, don kawai wani ya ce ta yi masa amfani.

TASHI MAI GAURAYE

Na uku shi ne wanda hawa da sauka ke haɗuwa a lokaci guda, kuma shi ya fi kowanne haɗari ga rai. Kraepelin da almajirinsa Weygandt sun yi bayaninsa tun a ƙarshen ƙarni na 19, kuma a 2013 aka sake fasalin ƙa'idarsa domin a riƙa gane shi da wuri. Mai wannan hali jikinsa cike yake da kuzari, tunani na gudu a kansa, ba ya iya zama wuri ɗaya, amma zuciyarsa baƙa ƙirin take. Yana kai da komowa tsakar gida da tsakar dare, yana kuka yana faɗa, yana cewa shi ya cuci kowa, gara ma ba ya duniya. Mai damuwa zalla sau da yawa mutuwar jiki takan danne shi. Shi kuwa wannan ga baƙin ciki ga ƙarfin aikata abin da zuciya ta raya masa, shi ya sa likitoci suka fi jin tsoron ya hallaka kansa.

Iyali sukan ɗauki irin wannan a matsayin baƙin hali ko taurin kai, su yi ta yi masa faɗa. Abin da ya kamata shi ne kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari da wuƙaƙe da igiyoyi da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, a kuma gaggauta kai shi asibiti. Duk wanda ya furta cewa ya gaji da rayuwa, a ɗauki maganarsa da gaske. Tambayarsa kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa ba ta sa masa tunanin, sai ma ta ba shi damar faɗin abin da ke cinsa.

SAURAN FUSKOKI

Har ila yau ciwon yana bambanta ta wajen yawan dawowarsa. Wanda ya yi hawa ko sauka sau 4 ko fiye cikin shekara guda, likitoci tun 1974 suna ware shi a matsayin mai saurin juyawa. An fi samun haka ga mata, kuma wani lokaci yana da nasaba da raunin wani ƙullutun maƙogwaro da ake kira tayiroyid, wanda gwajin jini ke nunawa. Akwai kuma waɗanda ke yin ƙananan hawa da ƙananan sauka har shekara 2 ko fiye ba tare da sun kai cikakken mizani ba, waɗanda jama'a kan ce ba a gane gabansu.

Wani abin lura kuma daga ƙasar nan ya fito. A 1985 Farfesa Roger Makanjuola na Ile-Ife ya buga sakamakon bincikensa a kan marasa lafiya Yarabawa, inda ya nuna cewa da yawansu babban tashi ne kawai ke dawo musu lokaci bayan lokaci, ba tare da an ga gefen sauka ba. Darasin da ke ciki shi ne kada iyali su ce sai sun ga damuwa kafin su yarda ciwon ne. Tashi biyu ko uku da lafiya a tsakaninsu sun isa hujjar neman likita.

Mata masu jego suna da nasu haɗari na musamman. Cikin kowace haihuwa 1,000 akan sami mace ɗaya ko biyu da hankalinta ke rikicewa, galibi cikin mako biyu na farko, watau daidai lokacin hidimar suna da rashin barci. Macen da ke da ciwon hawa da sauka, ko wadda ta taɓa yin haka a haihuwar baya, ta fi kowa kusa da wannan. In mai jego ta kwana biyu ba barci, tana surutai, tana zargin mutane za su sace mata jariri, lamarin gaggawa ne ga ita da jaririn, kuma yana warkewa in an kai ta da wuri.

Daga ƙarshe akwai tashin da wani abu dabam ya haddasa. Wiwi da sauran ƙwayoyin sa kuzari suna iya kawo shi. Haka nan magunguna irin su firednisolon da deksametason, waɗanda wasu ke sha ba bisa ƙa'ida ba don neman ƙiba. Buguwa a ka da cutar ƙanjamau da wasu cututtukan ƙwaƙwalwa su ma suna kawo shi. Shi ya sa in dattijo mai shekara hamsin ko sittin ya fara irin wannan hali karon farko, likita nagari zai fara binciken jikinsa tukuna.

ME YA SA SANIN YA ZAMA DOLE?

Wani zai ce wannan rabe-rabe aikin likitoci ne, ina ruwan manomi ko direba da shi? Amsa ita ce likita yana ganin maras lafiya na 'yan mintoci ne kawai, kuma babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna ciwon hawa da sauka. Da labari ake gane shi, labarin kuwa yana hannun mata da miji da uwa da abokin zama a shago. Maras lafiya kansa yakan manta kwanakin hawa, ko ya ƙi ɗaukarsu a matsayin ciwo.

Wani kuma zai ji tsoron kada a wayi gari duk mai ƙwazo ko mai barkwanci an laƙaba masa taɓin hankali. Wannan tsoro yana da tushe, domin a ƙasar nan sunan hauka yana hana mutum aure da aiki, har ya shafi 'yan'uwansa. To amma ma'aunin a bayyane yake. Wanda tun tasowarsa mai surutu ne, halinsa ne. Abin dubawa shi ne canji, watau mutum ya fita daga halin da aka san shi da shi, na kusa da shi su lura, abin ya ɗauki kwanaki, bukatar barcinsa kuma ta ragu ba tare da gajiya ba.

Magani ma ya danganta ne da irin fuskar da ciwon ya zo da ita. Tun 1949 wani likitan Ostareliya mai suna John Cade ya gano amfanin litiyam wajen kwantar da babban tashi, kuma har yanzu yana cikin mafi inganci wajen hana dawowarsa da rage haɗarin kashe kai. Sai dai yana bukatar gwajin jini a kai a kai, da duba ƙoda da tayiroyid. A ƙasa mai zafi irin arewacin Nijeriya, yawan gumi a bazara ko zawo ko amai suna iya sa ya taru a jini ya zama guba, haka nan haɗa shi da magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak. Tashi mai gauraye kuma sau da yawa ya fi jin wasu magungunan dabam. Ɗaya daga cikinsu, balfurowet, yana lahanta ɗan tayi, saboda haka bai dace da macen da ke iya ɗaukar ciki ba sai da tsananin kulawar likita. Daina magani farat ɗaya don an ji sauƙi kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke dawo da ciwo.

ABIN DA YA RAGE A YI

Asibitocin ƙwaƙwalwa suna nan: Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. Hausawa mazauna kudu kuma suna da Yaba a Ikko da Aro a Abekuta, da na Binin da Inugu da Kalaba. Amma likitocin wannan fanni 'yan ɗaruruwa ne kawai ga jama'a fiye da miliyan 200, wasunsu kuma suna barin ƙasar. Tun 1991 manufar gwamnati ta ce a shigar da lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ƙananan asibitocin karkara. Lokaci ya yi da jihohi da ƙananan hukumomi za su cika wannan alkawari, su horar da ma'aikatansu a kan tambaya guda da ba ta cin ko kwabo: duk wanda ya zo da damuwa a tambaye shi, a kuma tambayi wanda ya rako shi, ko ya taɓa yin kwanaki yana jin ƙarfi fiye da kima ba tare da barci ba.

A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙoƙin marasa lafiya. Kafin nan, a 2019, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoton yadda ake ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a wurare da dama na ƙasar nan. Mari da bulala ba su taɓa saukar da babban tashi ba, sai dai su ƙara wa maras lafiya rauni da ƙiyayyar danginsa. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, asibiti kuma ba ya hana addu'a. Malamai da limamai da sarakunan Hausawa na zango-zango, waɗanda su ne ake fara kai wa kuka, za su yi babban taimako in suka riƙa tura mutane wurin likita da wuri.

Ƙasar nan tana da abin koyi a gida. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, inda marasa lafiya ke zama a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowanne tare da wani ɗan'uwansa, suna karɓar magani da rana. Duniya ta yaba wa tsarin domin ya nuna cewa dangi suna cikin magani. Iyalin da ke da irin wannan maras lafiya za su iya farawa da ƙaramin littafi, su riƙa rubuta awa nawa ya yi barci, yaushe halinsa ya canja, kwana nawa ya ɗauka, da wace ƙwaya yake sha. Ranar ganin likita su tafi da shi, su ba da labarin kwanakin kuzari kamar yadda za su ba da na kwanakin damuwa. Masu wannan ciwo da yawa, in aka gane irin nasu aka ba su maganin da ya dace, suna riƙe aikinsu da aurensu har tsufa. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba masu jinyarsu haƙuri.